Ruwan da Suka Hana Ka Rufewa, Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin Talata, sha tara ga watan Agusta, aka tsamo gawarka a jikin ragar ƙarfen da ke tare shara a gaban injin wutar garinmu mai aiki da ruwa. Kawu, ƙanin surukina, kai ke kula da injin nan tun ranar da aka kafa shi a kan rafi.

Ina sabuwar amarya ka tarar da ni a bakin taga, na ƙura wa littafi ido. Ka fita, ka dawo da ƙwan lantarki a aljihu, ka taka kujera ka ɗaura shi kana cewa, "Amarya, karanta mu ji ko yarinyar za ta samu masoyin nata, kar ki makance mana." Duk wanda wutarsa ta lalace, ƙofarka ake bugawa, ko shayi ba ka karɓa.

A littattafan da nake karantawa, mutumin kirki yakan kai shafin ƙarshe. Kai ba ka kai ba. Na san ajali ne, amma ajalin nan yana da sanadi, kuma zan faɗe shi.

Da aka kawo injin an ce mana ruwa ba a sayensa kamar mai, sai kowa ya ɗauka wutar ma kyauta ce. Mai niƙa, wanda ya fi kowa shan wuta, daidai yake biya da tsohuwa mai ƙwan lantarki guda. Asusun gyara bai taɓa tara komai ba. Ka roƙi a kafa ƙarfen riƙewa a bakin magudanar ruwan injin, aka ce ka yi haƙuri. Da damina rafi yakan kwaso ganye da robobi su toshe ragar, sai ka rufe ƙofar ruwa ka share, wuta ta ɗan ɗauke. Mai niƙa da mai ƙanƙara suka kai ƙara wai kana tsayar musu da ciniki. Kwamiti ya ce ka riƙa sharewa ruwa na gudu. Ka yi ta shiga har ƙugu, har ranar da ƙafarka ta zame.

Jiya, ba a ma naɗe tabarmar makoki ba, shugaban kwamiti ya ja mijina gefe. "Ɗana, kai ka san hannun injin nan, gobe ka kama aiki." Mijina ya sunkuyar da kai don kunya. Ni na amsa daga bayan labule: "Baba, sai an kafa ƙarfe, sai an yarda a riƙa rufe ruwa. In ana gaggawa, mai niƙa ya tuɓe ya shiga."

Inna, matarka, ita ta damƙa mini makullin ɗakin injin. Yana akwatina, ƙarƙashin littattafai. Injin na tsaye, ƙwan da ka ɗaura mini a mace yake, na koma bakin taga, kuma ban damu ba.

Allah Ya ba Inna da 'ya'yanka da surukina haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka da hasken da ba ya ɗaukewa. Amin.