Rairayin Bayan Babbar Sallah

Ɗana na biyu mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Shisha nan Makka, kuma duk cikin 'ya'yana shi ne wanda ba mu cika hira ba. Ni na jawo. Yana yaro ya bi abokansa wanka a bakin tekun Jidda ba da sanina ba, na yi masa dukan da har yau ba na son tunawa. Tun daga nan, in ya zo gaishe ni, gaisuwar ce kawai. Ya ce "Kef halak, Baba," in amsa masa da Hausa, ya sha shayi ya tafi.

Shi ya sa wata Juma'a da ya zauna dab da ni a ɗakina na unguwar Tandabawi ya buɗe taswira a jawwal ɗinsa, wato wayarsa, sai da na gyara zama. Kogin Kwara ne, can sama da Yauri, inda aka haife ni. Ya ce shi da abokansa biyu, su ma haifaffun Makka, suna son ganin ƙasar iyaye. Kwalekwale za su yi haya, su biyo ruwa na 'yan kwanaki suna kwana a hanya, daga tsibirinmu har cikin gari, kamar yadda muka yi ina yaro lokacin da mahaifinmu ya ɗebe mu zuwa nan.

"Kai ka san hanya, Baba," in ji shi, da Hausarsa mai nauyi. "Ka nuna mini."

Daga ranar kowace Juma'a sai ya zo. Ya ja kogin da yatsa, ni kuma in yi ta zuba. Na ce su riƙa tashi da sassafe kafin iska ta motsa ruwa. Na ce kaya masu nauyi a tsakiyar jirgi ake sa su. Duk tungar masunta da suka isa, kada su ɗaure jirgi sai sun gaishe da babban wurin. In suka ga faffaɗar hanya ta ratsa ciyawa ta gangaro ruwa, to ta dorina ce, su yi gaba. Wurin kwana kuwa, na ce kada su damu da gaɓa, akwai farin rairayi a tsakiyar kogi, ba sauro, ba maciji, ka tona da hannu ruwa mai kyau ya tsatso. Duk zangon da muka zaɓa a taswirar, a kan rairayin nan muka ɗora shi.

Da na tambaye shi yaushe za su tafi, ya ce bayan mausim na Hajji, da zarar alhazai sun watse aiki ya yi sauƙi.

"Madalla," na ce. "Mu ma bayan Babbar Sallah muka taso. Ina tuna soyayyen naman layya da Inna ta ƙulle a kwano, shi muka yi ta ci a kan rairayi."

Ya nemi ijaza, wato hutu, a wurin aiki, suka yanki tikiti.

Ina da yaya a unguwar Zahir, ita kaɗai ta rage mini a cikin waɗanda muka shiga kwalekwalen nan tare. Na je duba ƙafarta, na ba ta labarin ina ta alfahari. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ajiye carbinta.

"Autan Inna, a kan wane rairayi za su kwana?"

"Wanda muka kwana mana, Yaya."

"Kai da ka tsufa kana sayar wa alhazai kaya! Wata shekara bargo suke saye a wurinka, wata shekara lema. Ba ka taɓa tambayar kanka dalili ba? Da muka taso bazara ce, mangwaro ya nuna, har ka ci ya ɓata maka ciki ka hana jirgi tafiya. Bana Babbar Sallah a ƙarshen damina za ta same su can. Rairayinka yana ƙarƙashin ruwa, ko gora ba ta taɓa shi."

Na san watan Musulunci yana zagaya shekara, wa bai sani ba? Amma a Makka ba mu da damina. Da azumi da Hajji da Umra muke lissafin rayuwa, ruwan sama in ya zo baƙo ne na yini ɗaya. A kaina na ɗaure Sallar nan da farin rairayi tun ina yaro, ban taɓa kwance su ba.

"Ka je ka gaya masa," in ji Yaya. "Yau."

Ban je ba. Juma'ar da ta biyo ɗana ya zo da wani ƙaramin tanti da ya saya, ya kafa shi a tsakar ɗakina yana dariya, ya ce in shiga in gwada. Na shiga. Rabon da in ji dariyarsa a kusa da ni haka, na manta. Na ce a raina ai in sun isa, mai kwalekwalen zai faɗa musu. Amma na san ɗana. Taurin kaina ya gado. Zai tsaya a bakin ruwa ya ce mahaifinsa ɗan tsibirin nan ne, kuma ya ce akwai rairayi. In wani ya ƙi ɗaukarsu, za su sami wanda zai yarda. Shi kuwa bai iya iyo ba, kuma na san wanda ya hana shi koya.

Ran Asabar na hau tasi zuwa Shisha. Na same shi a shago, hannunsa duk baƙin mai. Ban ko zauna ba na faɗa masa komai, yadda Yaya ta faɗa mini.

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Tun yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Jiya ma ka sani? Da kana cikin tanti?"

"Na sani."

"Tayyib, shi ke nan," ya ce. Ya tsayar mini da tasi, ya buɗe mini ƙofa.

Tafiyar ta rushe. Ijazarsa ta wuce yana gida, ɗaya daga cikin abokan ya janye gaba ɗaya. Juma'o'i suka yi ta wucewa ina dafa shayi ina shanye abina. Yaya ta ce in ƙyale shi, ciwon da aka matse shi ke warkewa. Ni dai na sa rai mun koma gaisuwar da, in ma an samu.

Sanyi ya fara shigowa ranar da na ji hon a ƙofar gida. Ɗana ne. Bai shigo ba, ya leƙo ta tagar mota.

"Baba, sa takalmi. Zahir za mu."

"Lafiya?"

"Za mu sake hanya daga farko. Kai ka faɗa, Gwaggo ta gyara." Ya ɗan laluba kalma. "Wannan lokaci na mangwaro, shu ismu?"

"Bazara."

"Ba-za-ra," ya maimaita. "To ka gaya mini me ke zuwa kafin ita, kada a sake."

Na shiga gaba na zauna. Kafin mu fita Tandabawi na fara masa daga damina.