Kwamfutar da Ashiru ya sa a rudu

A Galmi aka haifi Ashiru, cikin gidan masu albasa, kuma abin da ya gada wurin babansa bai wuce iya jira ba. Da ya dawo Birnin Konni da zama, kafin ma ya yi wa ɗakin matarsa Wasila daɓe, sai da ya kafa rudu a bayan gida, wato rumfar kara mai ƙafafu inda ake shimfiɗa albasa ta sha iska har kasuwa ta tashi. Lokacin da kowa ke zubar da tasa da arha, shi yana zaune a gindin rudu yana sakace. Duk Juma'a zai shiga ya juya ta, ya sunsuna, ya tsince masu ruɓa. Sai damina ta yi nisa, manyan motoci sun fara neman albasa ido rufe, sannan ya buɗe. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa suna Sai-ta-tashi, kuma yana amsawa har da gyara hula.

Wanda ya jefa shi cikin zancen kwamfuta taubashinsa ne, Saminu ɗan kabu-kabu. A shekarar 2005 suka je biki Sakkwato, Saminu ya ja shi wani shago inda samari ke layi suna biya don su buga ƙwallo a allo. Ashiru bai kalli ƙwallon ba ko sau ɗaya, hannun mai karɓar kuɗi ya yi ta kallo. A hanyar dawowa ya ce shi ma zai buɗe irin wannan a bakin tashar Konni, akwai wani shago da ya daɗe a rufe.

"Kai da ko rediyo sai Wasila ta kamo maka tasha?" in ji Saminu.

"Tuƙa mu, bawana. Ai ba ni ka bugawa ba."

Sayen ne ya zama aiki. Irin kwamfutar da ke ɗaukar wasa tsada gare ta, kuma daga Najeriya za a shigo da ita. Ashiru ya koma kullum yana wurin ƴan canji yana tambayar naira, daga nan ya wuce wurin direbobi ya ji abin da ƴan duwan, wato kwastan, ke karɓa a kan kayan lantarki. Da raɗe-raɗi ya yi ƙarfi cewa za a ƙara kuɗin fito in shekara ta juyo, ga naira tana ƙara nauyi, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe rudu tun albasa ba ta gama tashi ba, ya sayar duka. Kwana ya yi bai ci tuwo ba don takaici. Amma ya je ya sayo kwamfuta, ya biya duwan, aka sauke ta a ƙofar gida cikin kwalaye manne da salatif, unguwa ta fito kallo.

Ba a jima ba direbobi suka zo da labarin cewa fito ya ƙaru, kayan ma sun yi tsada tun daga can. Lissafin Ashiru ya fita daidai. Ranar da ya ɗauko reza zai yanke salatif, Saminu ya shigo yana faɗin sabon farashi, sai hannun Ashiru ya tsaya a sama. Ya mayar da reza aljihu.

"Mi ya hwaru?" Wasila ta tambaya.

"Tana tashi."

"To ta tashi mana, Baban Fadila. Ba shago za ka buɗewa ba?"

"Kwali in an buɗe shi ya zama kwance. Kin taɓa ganin hajja irin wagga? Ba ta ruɓa, ba ta tsira, ba ta rage nauyi. Ai da baba ya ga wagga da bai taɓa albasa ba."

Ya kai kwalayen cikin rudu, tunda wurin ba komai, ya ɗora su a kan kara don kada gara ta taɓa. Da albasa ta dawo, ta samu baƙuwa a kusurwa, suka zauna tare. Duk Juma'a in ya gama juya albasa, sai ya juya kwalayen su ma, ya kai hanci ya sunsuna. Mata masu leƙowa ta katanga sun gani da idonsu.

Wani saurayi daga Malbaza, Alhasan, ya ji labari ya zo ya taya da riba mai kyau. Ashiru ya ce albarka. Alhasan ya tafi ya sayo tasa da tsadar, ya kama shagon nan na bakin tasha, samari suka cika shi har waje. In Ashiru zai wuce sai ya kau da kai. Duk lokacin da ya ji farashin sababbi ya ƙara hawa, sai ya dawo gida da tsire, yana cewa tasa ce ta hau.

Damina uku kwamfutar ta yi a rudu. A ta ukun ruwa ya yi gyara, albasarsa ta lalace fiye da rabi, Wasila kuma ta fara ɗaga masa murya. Ya aika Saminu ya kirawo Alhasan, wanda lokacin yake neman ƙarin kwamfuta.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jawo kuran, wato wutar lantarki, daga gidan maƙwabta. Ashiru ya yanke salatif da bisimilla. Ta fito fes, tana ƙamshin albasa. Alhasan ya haɗa wayoyi, ta kama, ya sa faifan ƙwallon da samari ke yayi a shekarar. Aka jira. Da ƙyar fili ya fito, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai yi gudu, ya tsaya a haka, can ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Wanga shina ɗauke da buhu na?" in ji Saminu.

Alhasan ya cire faifansa. "Baba Ashiru, wagga ta tsufa. Wasannin yanzu sun fi ƙarfinta."

"Ta tsufa ina? Yau aka buɗe ta gabanka! Duba, ko tabo babu."

"Ba a jiki take tsufa ba. In ka yarda in ɗauki allon, shi ina da amfani da shi."

Ya faɗi abin da zai biya. Saminu ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari, Wasila ta koma madafa. Ashiru ya daɗe yana kallon kwamfutar, ya sa hannu ya latsa gefenta kamar yadda yake latsa albasa. Tauri gare ta.

"Albarka," ya ce.

Ya mayar da komai cikin kwalaye, ya aiki Saminu ya sayo sabon salatif, ya manne da kyau. Tana nan a rudu, kusurwar gabas. In an tsokane shi a majalisa sai ya ce ya ga shekarar da aka zubar da albasa a kwata, ya kuma ga shekarar da aka yi dambe a kanta. Ran Juma'a bayan masallaci yana shiga ya juya ta.