Yadda Muka Kori Mota da Bakinmu

Shekarar da na dawo gida daga yawon fatauci, buri ɗaya gare ni: mota ta riƙa shigowa kasuwarmu. Ƙauyenmu yana kusa da Sabuwa, cikin itatuwa, dawa da auduga duk a jaki ake fitar da su. Wani Alhaji mai manyan motoci a Funtuwa ya ce mini in ya tabbata akwai kayan da za su cika mota, zai riƙa turo ɗaya ran kasuwa da kaka.

Ana nan sai ga wani malamin rediyo daga Kaduna da akwatin ɗaukar magana, yana bin ƙauyuka, kowa ya ba da labarin garinsu da bakinsa. Na san Alhajin nan ba ya rabuwa da rediyonsa. Na bi gida gida ina roƙo: ku faɗi abin da Allah ya ba mu, shi ke nan.

A Kumasi na ga mai faifan goro ɗaya yana magana kamar shi ke ciyar da gari. A Ikko, mace mai 'yar rumfa za ta rantse maka kayanta har Ingila an san su. Na ɗauka namu ma za su taɓa kaɗan.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari. Sarkin noma aka fara miƙa wa abin magana, mutumin da rumbunansa sun fi ɗakunan gidansa yawa.

"Baba, yaya amfanin gona a nan?" in ji malamin.

"To, Malam, mun gode Allah. Ɗan abin da za a dama kunu."

"Auduga fa?"

"Auduga? Muna dai jin labarinta."

Ga ta nan tuli a bayansa, har iska na kwaso ta tana liƙa wa malamin a hula! Ardon Fulanin gefenmu ya karɓa, ya ce shi saniya ɗaya gare shi, ita ma tari take yi. Wani ya ce fari, wani ya ce tsuntsaye. Sai ka ce gasar tsiya aka sa.

Na ja kawuna gefe. "Kawu, mi ya kawo wanga abu?"

"Kai ɗan nan, yawo ya ɓata ka. Akwatin ga har Katsina ake jin shi. Masu haraji na da kunne, sauran mutane na da baki. Ka taɓa ganin mai hankali ya tsaya cikin taro ya ce rumbuna ya cika?"

Sai na karɓi abin maganar da kaina. Na faɗi dawa, na faɗi auduga, na faɗi shanu. Ban rufe baki ba mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a yi mishi uzuri. Ya daɗe a ƙasashen kurmi, garuruwan sun cakuɗe mishi." Aka fashe da dariya, akwatin kuwa ya kwashe har dariyar.

Bayan an sa shirin na tafi Funtuwa. Alhaji na hango ni ya ce, "Maraba da mutanen garin kunu!" Na yi bayani, na rantse, na ce ya turo a duba.

"Malam, kai ɗaya ne, su kuwa dattawa ne da furfura. Wa zan gaskata?"

Maimakon ya turo mana, motar da ke zuwa garin Mairuwa ya ƙara wa kwana.

Da kakar nan muka ɗora auduga a jakuna kamar kullum. Sarkin noma yana gefena, yana tafe yana tsaki saboda yashi da ramuka. Da muka tsaya shan ruwa ya dube ni ya ce, "Wai ina motar da ka ce za ka kawo mamu?"