La'asar a Gidan Masu Shiru

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ita ce shekarar da Inna ta rasu, kuma ban je gida ba.

Ina wata rumfa a kasuwar Sanyuanli, cikin birnin Guangzhou, ina sa-in-sa da wata mata mai shago a kan ɗinkin wanduna, sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce daga Kano. Ta ce, "Inna lokaci ya yi. Yanzu aka fita da ita." Na ce innalillahi, na zauna a kan wata dilar kaya. Mai shagon ta ɗan jira, sannan ta sake turo mini kalkuleta.

Jana'iza dai ta wuce ni ko da fiffike gare ni. Amma zaman makoki ina iya tararwa, kuma na sani. Sai dai a watannin nan an matse biza saboda wasannin, wanda duk ya koma gida ba shi da tabbacin dawowa, ga kayana jibge a sito suna jiran a loda su a tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Na auna, na zauna. Na ce wa Yaya babu jirgi. Ƙarya ce, jirgi har da kujeru a wofi.

Ta'aziyyar Guangzhou kuwa ba ta ɗaukar lokaci. Mutum zai tare ka a bakin titin Huanshi Lu, ya riƙe hannunka ya ce, "Alhaji, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya," kafin ka gama amin ya ɗora, "Af, wa ke maka kago yanzu, wa ke tura maka kaya gida?" Ban ga laifinsu ba, da ni ne haka zan yi. Abin da ya dame ni daban ne. Sati uku ina salla kamar ana bi na, ina sallamewa nake miƙewa. Ko sau ɗaya ban iya ɗaga hannu na yi wa Inna addu'a ba. Da na fara sai kunya ta kama ni, in ji kamar tana kallona tana cewa, kai da ka ce babu jirgi. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi, na yi faɗa da direban tasi, na yi da mai gadin masaukinmu, har da wani Bamarade da bai yi mini komai ba sai tambayar lafiya.

Da bizata ta zo ƙarshe aka ce sai mu tsallaka Hong Kong mu gwada sa'ar samun sabuwa. Muka tafi da abokina mai haɗa mana kago, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Muka miƙa fasfo, aka ce mu dawo jibi. Ɗakin da muka kama bai fi kantar tireda ba, ni kuwa sai kai da kawowa nake tsakanin gado da ƙofa, taku uku in juyo.

Washegari ya ce, "Alhaji, ka ishe ni. Akwai wani gida a kan dutse, cikin tsibiri, na sufayenmu masu bin ƙa'idar Waliyyi Benedict. Duk zuwana nan sai na je na yi addu'a. Taso mu tafi."

Na ce, "Ni da na je Makka sau biyu, coci za ka kai ni?"

"Ba wanda zai sa ka shiga. Iska za ka sha. Kuma can ba a magana, kunnena zai huta."

Na bi shi ne don zaman ɗakin ya fi tafiyar muni.

Jirgin ruwa babba, sannan ƙarami mai warin man dizal, sannan hawan dutse a ƙafa cikin zafin nan mai ɗanko. Ina hawa ina mita. Shi kuwa yana tsayawa a gaban wasu ƙananan gicciye da aka kafa a gefen hanya, ya sunkuyar da kai, ni in wuce shi in tsaya ina huci, ina duba waya ko sito sun kira. Kafin mu kai sama sabis ya ɗauke gaba ɗaya, sai na ji kamar an kwance mini zani a kasuwa.

Gidan ba wani abin kallo ba ne. Ginin dutse, 'yar gada, lambu, da tsofaffi cikin doguwar riga suna aiki. Na iske ɗaya yana ba kayan lambu ruwa, na gaishe shi yadda aka koya mini, da ɗan Sinancin kasuwata, na tambayi gajiya, na tambayi aiki. Ya yi murmushi, ya ɗan rusuna, ya ci gaba da ban ruwa. Raina ya sosu. A garinmu ko kurma ka gaisar sai ya yi maka wani sauti. Ana cikin haka ƙararrawa ta buga. Mutumin ya ajiye butar a tsakiyar kunya, bai ko ƙarasa layin ba, ya nufi cocin. Sauran tsofaffin ma haka, abokina ya bi su. Aka bar ni ni kaɗai da tsuntsaye.

Shirun ya yi mini yawa. Na zauna, na tashi, na zaga wata bishiya, na ƙirga matakala. Da na rasa abin yi sai na duba inuwa, na ga la'asar ta yi. Na samu famfo a gefen lambun na yi alwala, na shimfiɗa hiramina a kan ciyawa. Babu kibiyar nuna alƙibla a bango irin ta masaukinmu, babu sahun da zan bi. Sai na yi abin da Inna ta koya mini tun ina bin ta gona: in yamma ta yi, ka sa rana a ƙeyarka, ka fuskanci gabas.

Na ɗaga hannu zan yi kabbara ke nan na ji an taɓa gwiwar hannuna. Wani tsohon sufi ne da sanda, mai jan ƙafa, da alama ƙararrawar ta riga shi. Nan take zuciya ta ɗebe ni, na ɗauka hana ni zai yi. Na ce masa da Hausa tsagwaronta, "Baba, salla ce kawai, ba gidanku zan ɗauke ba."

Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya girgiza kai, ya ɗaga sandarsa ya nuna inda rana take gangarawa, ya ce a hankali, "Makka." Ya kama kafaɗata da hannu ɗaya ya juya ni, kamar yadda ake juya yaro a sahu. Sannan ya ja ƙafarsa ya shige wurin tasa ibadar.

Na tsaya sororo. Na san a China alƙibla yamma take, kowa ya sani. Amma shekara huɗu kibiya nake bi a cikin dogayen benen da ba a ganin fitowar rana ko faɗuwarta, ban taɓa jin abin a jikina ba sai ran nan. Na gyara hiramin, na tayar da salla, rana tana dukan idona.

Ina zaune a tahiyar ƙarshe abin ya faɗo mini. Makka tana gabana, Kano kuma tana can gaba da ita, duk dai a yamma. Can an kwantar da Inna a kan damanta, fuskarta tana kallon gabas. Ni ga ni ina kallon yamma. Ashe duk satin nan uku, sau biyar a rana, fuska da fuska muke da ita.

Na sallame, ban tashi ba. Na ce, "Inna, akwai jirgi. Ni ne ban hau ba." Sai kuka ya zo, irin wanda rabona da shi tun ina yaro, na bar shi ya yi iya yinsa. Da ya lafa na ɗaga hannuwana, na fara roƙa mata gafara.