Ranar da Usta Tursunboy Ya Zauna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha biyu ga Agusta, Allah Ya karɓi ran Usta Tursunboy, gwanin ɗinkin kujeru a garejin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tashkent. Ni, abokin aikinsa, na fara ganinsa.

Usta, duk wanda ya san ka ya san ba ka zama a jirgi. Kujerun da mutanen garin nan suke hutawa a kai aikin hannunka ne, amma kai kullum kana tsaye riƙe da ƙarfe. Da yaro ya zabura ya ba ka wuri, sai ka harare shi ka ce, "Zauna abinka, ɗana, wa ya gaya maka na tsufa?"

Da aka ce za a sayar wa 'yan gwangwan da tsohon shuɗin taragon nan, irin na farko, mai kujerun fata da fitilu kamar ƙwarya a kife, ka hana kowa sakat, har manya suka yarda: in ya gyaru kafin bikin 'yancin kai, za a bar shi jama'a su riƙa gani. Ka ƙi roba, ka ƙi sabon launi. Ka ce ranar da ka ɗinke kujerar ƙarshe, a kanta za ka zauna.

Ranar Talatar na shigo taragon da shayi da burodi, na hango ka zaune kusa da ƙofa, hularka a gwiwa. Dariya ta kama ni. Na ce, "Yau dai tsoho ya amsa sunansa!" Ba ka rama ba, kai da ba a taɓa cin ka da baki ba. Na taɓa hannunka, allurar tana nan tsakanin yatsunka, zaren a tsinke, ɗinkin ya kai ƙarshe.

Jiya manya suka zo, suka ce taragon ya tsira. Ba wanda ya iya zama a ciki.

Allah Ya ba matarka Muqaddas da 'yarku Dilfuza haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya ba ka mazauni a Aljanna. In an nuna maka shi, Usta, don Allah wannan karon ka zauna.