Ƙafar da Alhaji Ya Hana Saukewa

Ni dai a aji huɗu na firamare boko ya sallame ni, amma ko gaban alƙali zan ce na yi aikin kwamfuta. A shagon tayil na wani Alhaji Bakatsine na yi shi, a Gudu, shekarun da soja suka koma bariki, benaye suka yi ta tsiro a Abuja.

’Yarsa mai digirin akanta ce ta kawo na’urar. Ta zaunar da ni da furfurata, ta ce ciniki ɗungurungum sunansa tiransakshan, kowane layi a cikinsa fostin, wannan debit, wancan kiredit. Na ce, “’Yata, sauran haƙorana ba za su tauna wannan ba.” Sai na raɗa musu ƙafa. Kowane ciniki ƙafa biyu gare shi: inda abu ya fito, da inda ya sauka. Ka ba kwamfutar ciniki mai ƙafa ɗaya, sai ta yi ja ta ƙi karɓa.

Alhaji kuwa yana da doka: ba a furta asara a shagonsa, balle a rubuta. In tayil ya fashe, sai a kai ƙafarsa ta biyu wani ɗaki da ’yar ta buɗe mana a na’urar, wai saspens. Ni ina ce masa ɗakin jira.

Sai aka wayi gari da jan fenti a bangonmu, wai layin namu ba ya cikin tsarin birni. Katafila ta zo tun ba mu kwashe rabin kaya ba. Ƙarar tayil a ƙarƙashinta har yau tana kunnena.

A falon Alhaji na kunna kwamfutar. Na cire kayan da suka farfashe daga lissafin, tana jiran ƙafa ta biyu.

“Alhaji, ina zan sauke su?”

“Jira, Akawu. Za a biya diyya.”

’Yar ta roƙe shi ya bari a rubuta, ya koma Katsina ya huta, ga hawan jini. Ya ce wanda ya rubuta asara ya yafe haƙƙinsa ke nan. Kullum sai ya sa babbar riga ya tafi ofisoshi, ina biye da shi da fayil. Masu gadi har suka san mu, suna ce masa oga diyya. Ya sayar da gonarsa ta Jiwa don lauya. A kan bencin wani ofis ya faɗi, ni na riƙe masa hula.

Bayan sadakar bakwai ’yar ta kira ni falon.

“Baba, sauke ƙafar.”

Da yatsa ɗaya nake bugu, don haka na daɗe a kan kalmar asara. Kwamfutar ta karɓa nan take, ko jan nan ba ta yi ba. Gefe biyu suka yi daidai, ’yar ta miƙa hannu ta kashe ta.