Ranar da Barakatu ta Kira Sunan Ɗanta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Wudil a shekarun da kuɗin fetur suka cika gari ya san Barakatu mai ƙosai. Bakinta ba ya hutawa. Direba ta tsokane shi, ɗan kamasho ta yi masa tatas, har akuyar da ke shinshina kwanonta sai ta sha magana. Mutum ɗaya ne ba ta yi wa magana: ɗanta Bilya. Ɗan fari ne, ita kuwa 'yar garin Darki ce mai alkunya ta gaske. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, sai dai "yaron nan".

Kakar da za ta ɗauke shi ta rasu kafin yaye, don haka ya tashi a gindin murhu, shiru. Shekara uku ko uffan. Ni maƙwabciyarta ce, abin yana ci mini rai, amma wa ya isa ya gaya wa Barakatu?

Ƙanenta Halliru mai karatun likita a Zariya ne ya isa. Ya zo hutu da wando mai faɗin ƙafa, ya tafa hannu a bayan yaron, yaro ya waiwaya.

"Yaya, kunnensa lafiya lau," in ji shi. "Kin san yaɗon kabewa? Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke miƙewa suna neman juna. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa, shi ke jan su zuwa inda za su haɗu, shi ke ciyar da su. Mahaɗar da ake aiki da ita ta yi ƙarfi, wadda aka bari ta bushe. Ki riƙa yi masa hira."

"Ɗan farin? Lallai boko ya cinye maka kunya!"

Ta wanke Halliru tas, sannan ta cika masa kwano da ƙosai. Amma washegari na hango ta a hanyar kogi riƙe da hannun Bilya, tana waige-waige kamar ɓarauniya: "Ga saniya. Ga gada. Ga jirgin ruwa." Wata bakwai tana wannan satar hira, yaro bai tanka ba, har ta rame.

Wata Juma'a, ranar kasuwa, Bilya ya sulale ya nufi titi, ga tifa ta taho a guje. A gaban direbobi, a gaban surukinta, Barakatu ta kurma ihu: "Bilya!"

Ya tsaya cak, ya juyo. "Na'am."

Ƙosai ya ƙone ƙurmus a ranar. Hawaye na zuba tana cewa hayaƙi ne, sannan ta sake kiran sunan don ta ƙara jin amsar.